Wai kalmomin soyayya uku ne a Ibrananci? Ku bari in ɗan tsoma baki

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu dogon rubutu. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani hoto da ya ishe ni a Facebook da WhatsApp, an turo min shi ya fi a ƙirga, mai jan bango da furanni, an rubuta wai harshen Ibrananci yana da kalmomi uku na soyayya, raya ita ce abota, ahava ita ce soyayyar alkawari wadda ba ta canzawa, dod kuma ita ce ta jiki tsakanin miji da mata, sai a ƙasa aka manna haruffan Ibranancin dan a nuna wa mutane cewa an san abin da ake yi. To ni dai ba malami ba ne, ɗalibi ne mai kwaɗayin harsuna, na ɗan yi Larabci sannan daga baya na zauna na koyi baƙaƙen Ibrananci da ɗan nahawunsa, amma ko da wannan ɗan abin nawa kallo ɗaya na yi wa hoton na fashe da dariya, saboda kalmar da suka fi ji da ita, ahava, a juye take. Kuma tun kafin wani ya ce min komai, ba siyasa ta kawo ni ba, maganar harshe ce zalla, harshen da aka rubuta Attaura da Zabura da shi kuma ɗan uwan Larabci ne na jini.

Bari in fara da rubutun kansa dan nan ne aka fi yin kwaɓa. Ibrananci daga dama ake rubuta shi zuwa hagu kamar Larabci da ajami, baƙaƙe 22 ne, kuma ba a haɗa su da juna, kowane harafi zaman kansa yake yi. Ahava haruffa huɗu ce, alef, he, bet, he, ga ta nan: אהבה. Alef ɗin nan mai kama da sanda a karkace da hannu biyu shi ne ya kamata ya kasance a dama can farko. A hoton da ake yawo da shi sai ga alef a hagu, wato הבהא, abin da ba ya nufin komai. Na san yadda aka yi hakan ta faru dan ni ma ta taɓa faruwa da ni, na kwafo kalmar daga waya na liƙa a wata manhajar zane a kwamfuta wadda ba a saita ta da rubutun dama ba, ita kuwa ta jera min haruffan daga hagu, ban lura ba sai da na ɗora wayar kusa da allon kwamfutar ina kallon nan ina kallon can na ga alef ya yi hijira. Duk wanda ya taɓa ganin Larabci ya wargaje a fosta, haruffa sun rabu sun juya baya, ya san ciwon. Bambancin kawai Larabci in ya juye kowa zai gani saboda haɗin ya tsinke, shi kuwa Ibrananci tunda dama haruffan a rarrabe suke sai ya zauna tsaf da kyansa kamar ba abin da ya same shi, wanda bai iya ba ba zai taɓa ganewa ba. Akwai mutane da yawa a duniya da suka je aka zana musu irin wannan a fatar jiki, a juye, kuma ba gogewa.

Sai kuma shi harafin he ɗin da ya zo sau biyu. In za ka rubuta shi ka ja rufi ka sauko da bangon dama, sannan ƙafar hagu ka ajiye ta daban ba ta taɓa rufin ba, a bar 'yar taga a sama: ה. Ranar da na fara koyo biro na ya riƙa zarcewa ina toshe tagar, ashe in ka toshe ta ka koma wani harafin daban, het, ח, wanda shi ne takwaran ha mai nauyi ta Larabci irin ta Habibu, in kuma ka lanƙwasa ƙafar hagun waje ka koma tav, ת. Tsofaffin malaman Yahudawa a Talmud, babban littafin bayanin addininsu, har wa'azi suka yi da wannan taga, suka ce ƙasan harafin a buɗe yake dan duk mai son fita ya fita, 'yar tagar sama kuma an bar ta ne dan mai tuba ya samu ta inda zai dawo. Na ji daɗin wannan magana ba kaɗan ba, kuma tun daga ranar ban sake toshe ta ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan, ka ɗauke he na farko ka sa ɗan ƙaramin harafin nan yod a wurinsa, kalmar ta zama איבה, eva, ma'anarta gaba, ƙiyayya, ita ce kalmar da aka yi amfani da ita a littafin Farawa na Attaura, 3:15, wajen gabar da ke tsakanin maciji da mace. Haka ma masoyi ohev ne, אוהב, maƙiyi kuma oyev, אויב. Harafi ɗaya tak Malam Edita. Kuma wannan raya da suke cewa abota, asalinta re'a ne, aboki ko maƙwabci, resh da ayin, רע, to waɗannan haruffa biyun dai su ne ake karantawa ra, wato mugunta, wasali ne kawai ya raba su.

Wasalin kuwa shi ne ba a cika rubutawa ba. Jarida da littafi da saƙon waya a Isra'ila duk babu wasali, sai littattafan yara da waƙoƙi da littafin addu'a, kuma naɗaɗɗen Attaura da ake karantawa a majami'arsu har gobe babu ɗigo ko ɗaya, haka ma tsofaffin takardun da aka fara ganowa a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947. Ɗige-ɗigen wasalin da ake kira nikkud wasu malamai ne da ake ce wa Masoret suka tsara su daga baya sosai, waɗanda suka fi shahara su ne na garin Tabariyya, kuma cikakken kwafin littafin Yahudawa mai tsarki mafi tsufa mai wasali da ke hannu yau shi ne wanda ke ajiye a Rasha da ake kira kundin Leningrad, an gama shi wajen shekarar 1008. Da wasali kalmarmu haka take: אַהֲבָה. He na ƙarshe ba a furta shi, alamar mace ce kawai, aikinsa kusan irin na ta marbuɗa. Shi kuma bet in da ɗigo a cikinsa b ne, in babu sai ya yi laushi ya koma v, wannan sautin da mu Hausawa ba mu da shi, shi ya sa ake rubuta ahava, in Bahaushe ya ce ahaba bai yi wani babban laifi ba dan asalin harafin ba ɗin ne dai. Af, akwai wani kogi Ahava da aka ambata a littafin Ezra sura 8 inda Ezra da mutanensa suka yada zango kafin su kama hanyar Urushalima, na ga wani ya rubuta wai kogin soyayya ne, ba haka ba ne, shi אהוא ake rubuta shi, a boko ne kawai suka yi kama, kama da wane kuwa ba wane ba ne.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Cewar da ake yi ahava soyayya ce ta musamman, mai tsarki, ta alkawari, wadda ba ta gushewa, wallahi ba haka littafin Yahudawa mai tsarki ya nuna ba. Saiwar kalmar alef he bet ce kuma aikinta daidai da namu so ne, ba ta zaɓe. Farkon inda ta fito a Attaura shi ne Farawa 22:2 inda aka ce wa Annabi Ibrahim ya ɗauki ɗansa wanda yake so, su Yahudawa a wurinsu Ishaku ne mu kuma akasarinmu Isma'ila muka riƙe, ba wannan muhawarar ta kawo ni ba, abin lura son uba da ɗa ne. Gaba kaɗan a sura 24 Ishaku ya auri Rifkatu ya so ta, kalmar dai ita ce. A sura 27 shi Ishakun ya tsufa ido ya tafi ya ce wa ɗansa Isuwa je ka yi farauta ka dafa min abinci mai daɗi irin wanda nake so, kalmar dai ita ce, ahavti. Yakubu ya yi wa Laban bautar shekara 7 dan Rahila suka zame masa kamar 'yan kwanaki saboda son da yake mata, ita ce dai. Ka so Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka a Maimaitawar Shari'a 6:5, ita ce. Ka so maƙwabcinka kamar kanka a Firistoci 19:18, ita ce. Mai son kuɗi ba ya ƙoshi da kuɗi, ita ce, har Karin Magana ta ja kunne kada a so barci, duk da ita. Wadda ta fi kashe bakin masu hoton ita ce ta 2 Sama'ila 13, labarin Amnon da ya ƙwallafa rai a kan Tamar har ya kwanta ciwo, ya yaudare ta ya yi mata fyaɗe, sannan nassin ya ce ƙiyayyar da ya ƙi ta ta fi son da ya so ta, ya ce a kore ta a kulle ƙofa. Kalmar da aka sa wa wannan ƙazamin abu ahava ce. To ina alkawarin, ina rashin gushewar?

Mu ai bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, da bakin da muke cewa ina son Allah da Manzonsa da shi muke cewa ina son barci, ina son in tafi, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa, mahallin magana ne ke fayyacewa. Ni a ganina wannan al'ada ta yanka soyayya gida gida a ba kowace suna daga Girkanci aka kwaso ta, inda masu wa'azi suka saba jero agape da filiya da eros, sai aka zo ana neman a ɗora wa Ibrananci irin wannan riga ko ta shige shi ko ba ta shige shi ba. Alhali ko a Girkancin ma, tsohuwar fassarar Attaura da Annabawa da Yahudawa suka yi zuwa Girkanci kafin haihuwar Annabi Isa, kalmar agape ɗin ce ta sa a wannan labari na Amnon.

Wanda ya yi ko da ɗan sarfu ne zai ji daɗin yadda saiwar ke juyawa, ahav ya so, ohev mai so, ahuv wanda ake so, ahuva wadda ake so, hit'ahev ya kamu da so, kamar dai kataba katib maktub. In namiji zai gaya wa mace sai ya ce ani ohev otakh, in mace ce za ta gaya wa namiji ani ohevet otkha, kun ga sun fi mu da ɗaya, mu wanda ake gaya wa kawai muke bambantawa, ina son ka ina son ki, su har mai maganar sai an san jinsinsa. Abin dariya kuma otakh da otkha rubutunsu ɗaya ne in ba wasali, אותך, sai dai mai karatu ya san wa ake nufi.

Akwai wata magana da ake yawan yaɗawa ita ma, wai ahava daga hav aka samo ta, wato ba da, saboda haka so shi ne bayarwa. A matsayin wa'azi ta yi kyau kuma malamansu sun daɗe suna faɗa, ban ƙi ba, amma a matsayin asalin kalma ba ta zauna ba. Hav daga wata saiwa take daban, yod he bet, wadda ita ce 'yar uwar wahaba ta Larabci, inda muka samu Abdulwahabu da hiba ta kyauta, dan ƙa'ida ce wawun farkon kalma a Larabci yakan koma yod a Ibrananci, walad ya zama yeled. Alef ɗin ahava kuwa ba ado ba ne da za a cire a ajiye gefe, cikin saiwar yake. Haka ma lissafin da suke yi, kowane harafi da adadinsa kamar hisabin abajada da malamanmu suka sani, alef 1, he 5, bet 2, he 5, jimla 13, sai ehad wato ɗaya, takwarar ahad, ita ma 1 da 8 da 4, 13, in ka haɗa biyun 26 wanda shi ne adadin sunan Ubangiji mai haruffa huɗu da ba sa furtawa. Abin sha'awa ne ba musu. Amma na zauna na buga nawa lissafin, de'aga wato damuwa, דאגה, ita ma 13 ce cif, eva ɗin nan ta ƙiyayya kuma 18 ce daidai da hai wato rai, to wa zai hau mumbari da wannan? Ko da yake so da damuwa kam masoya za su ce an yi gaskiya.

Mu dawo kan dod dan ita ce ta fi ba ni nishaɗi. Dalet vav dalet, דוד. A Waƙar Waƙoƙi ta Sulemanu ita ce kalmar da budurwar ke kiran masoyinta da ita, kuma jam'inta dodim shi ne ke nufin shauƙi da tarayyar masoya, nan masu hoton sun ɗan kama gaskiya. Daga nan aka samu jimlar da ake yawan zanawa a zoben aure, ani ledodi vedodi li, ni ta masoyina ce masoyina kuma nawa ne, sura 6 aya 3. Amma abin da ba su faɗa ba shi ne dod ɗin nan dai ita ce baffa, ɗan uwan uba, a cikin littafin kansa, a Ibranancin yau kuma ba a ma san ta da wani aiki ba a bakin mutane sai baffa ko kawu, doda kuma gwaggo ko inna. Yaron Tel Aviv da bai san nassin ba in ya ga zoben zai iya karanta ni ta kawuna ce. A littafin Esta an ce ita 'yar dodo ce ga Mordekai, kada gabanku ya faɗi, dodo a nan baffansa ake nufi, ba namu na tatsuniya ba. Bayan haka waɗannan haruffa ukun su ne sunan Annabi Dawuda, ba ƙari ba ragi, sai a littattafan baya irin su Tarihi ne ake ƙara masa yod a rubuta דויד, kuma su ne dai ake karantawa dud, tukunya, wadda a yau take nufin tankin dafa ruwa, irin wanda ke jere a saman rufin gidaje a Isra'ila rana na ɗumama shi, dud shemesh. Masoyi, baffa, Dawuda, tukunya, duk rubutu ɗaya. Kuma ba wasa ba ne, a 1993 an tono wani dutse a Tel Dan a arewacin ƙasar mai rubutun ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa, a jikinsa akwai bet yod tav dalet vav dalet a haɗe, akasarin masana suka karanta gidan Dawuda, wasu 'yan kaɗan suka yi ta gardama cewa ana iya karanta shi wani iri, duk dan babu wasali.

Abin da ya fi ba ni haushi da hoton ma shi ne kalmomin da ya bari a baya, waɗanda kunnen Bahaushe zai gane nan take. Ga hiba, חיבה, ƙauna da shaƙuwa, saiwarta het bet bet, ita ce ainihin 'yar uwar hubbu ta Larabci ba ahava ba, haviv shi ne Habibu, haviva Habiba. Ga yadid, ידיד, amini abin ƙauna, da waccan ƙa'idar ta wawu da yod za ku ga wuddu da mawadda da Al-Wadud a cikinta, kuma Yedidiya, ƙaunataccen Ubangiji, shi ne sunan da annabi Natan ya raɗa wa Sulemanu yana jariri a 2 Sama'ila 12:25. Ga heshek, marmari da ɗoki, wanda a da ake faɗa wa saurayin da zuciyarsa ta manne wa yarinya, yau kuma mutum zai ce en li heshek, ba na jin yi, ko da wanke kwano ne.

Sai rahamim, רחמים, ku dubi harafin ƙarshe na hagu, mem ne amma rufaffe kamar akwati saboda haruffa 5 ne a Ibrananci da ke canza sura in sun zo ƙarshen kalma, kaf, mem, nun, pe da tsadi. Ba sai na fassara muku ba, rahama ce, jinƙai, kuma daga rehem take wato mahaifa, daidai da yadda rahim da rahma suke a Larabci har hadisi ya zo a kan an tsago sunan zumunta daga sunan Ar-Rahman. A labarin mata biyun nan da suka kawo wa Sulemanu ƙara kan jariri ya ce a kawo takobi a raba shi, 1 Sarakuna 3:26, nassin cewa ya yi rahamim ɗin uwar gaskiyar ya yi zafi a kan ɗanta, wato cikinta ya juya, hanjinta ya kaɗa kamar yadda za mu ce, ta ce a ba waccan kada dai a kashe shi. A Aramaik ma, wani harshe ɗan uwan Ibrananci, wannan saiwa ita ce kalmar so ta yau da kullum, kuma a farkon Zabura 18 da ita Dawuda ya ce ina ƙaunarka ya Ubangiji.

In kuma da gaske ana neman kalmar da ke ɗauke da riƙon alkawari, wadda masu hoton suka laƙaba wa ahava, to hesed ce, חסד, het samek dalet. Ta zo kusan sau 250 a littafin, kusan rabi a Zabura, kuma Zabura 136 ayoyi 26 ne kowace ta ƙare da ki le'olam hasdo, wato hesed ɗinsa har abada ne. Ta wahalar da masu fassara sosai, wani Bature Miles Coverdale a 1535 sai da ya ƙera sabuwar kalmar Turanci ta hanyar manna ƙauna da kirki wuri guda, masu fassara zuwa Hausa kuma sukan ce madawwamiyar ƙauna. Ni da za a tambaye ni da alheri da amana zan haɗa, saboda hesed ba ji a zuciya ba ne kawai, yi ake yi, kullum cewa ake ya yi masa hesed, kamar yadda muke cewa ya yi masa alheri ko ya yi masa halacci. Rut da ta ƙi barin surukarta Na'omi bayan mijinta ya mutu hesed ta yi. Yakubu da ajali ya matso ya roƙi Yusufu ya yi masa hesed da gaskiya kada ya binne shi a Masar, Farawa 47:29, daga nan Yahudawa ke kiran wankan gawa da binne ta hesed shel emet, alherin gaskiya, saboda mamaci ba zai taɓa rama maka ba. Asusun ba da rance ba ruwa da suke yi a unguwanninsu gemah suke ce masa, taƙaitawar gemilut hasadim, aikata alheri. Daga ita aka samu Hasid, su ne masu baƙaƙen riguna da huluna da kuke gani a hoto, har wata tsuntsuwa dangin shamuwa hasida suke ce mata, Talmud ya ce wai saboda tana yi wa 'yan uwanta alheri da abinci. Na san wani zai ce to ai ha sin dal hassada ce a wurinmu, e haruffan sun yi daidai, kuma a Ibranancin ma akwai inda haruffan nan suka zo da ma'anar abin kunya, Firistoci 20:17, amma dan Allah kada wani ya ɗauki wannan ya je ya haɗa sabon hoto da furanni.

Ta ƙarshe dan ku yi dariya, akwai saiwa ayin gimel bet, agav, sha'awa ce irin ta banza, Ezekiyel ya yi ta amfani da ita a sura 23 wajen zargin karuwanci. A ƙarshen ƙarni na 19 lokacin da ake farfaɗo da Ibrananci ya koma harshen magana, ana neman sunan tumatir, sai wani malami Yehiel Mikel Pines ya duba yadda wasu Turawa ke ce masa tuffar soyayya ya ƙera suna daga wannan saiwa. Eliezer Ben-Yehuda, wanda ya iso Urushalima a 1881 kuma shi ake yi wa kallon uban farfaɗo da harshen, bai so kalmar ba dan yana ganin ta da rashin kunya, ya fi son badura daga bandora ta Larabawan yankin. Mutane suka yi kunnen uwar shegu da shi, har yau agvaniya suke cewa, עגבנייה, kuma ba wanda ke tuna Ezekiyel in yana yanka ta.

Roƙona gare ku Malam Edita, in Allah ya sa kun ga wasiƙar nan ta cancanci bugawa, dan girman Allah ku ce wa mai tsara shafi ya duba haruffan kafin a kai injin, hanya mai sauƙi ita ce ya nemi kalmar farko ya tabbatar alef mai sandar nan a karkace yana dama, in ya gan shi a hagu to duk sauran ma sun juye, wadda na juya da gangan kuma za ta koma daidai ta mai da ni maƙaryaci. In manhajarku ta ƙi gaba ɗaya gara ku cire Ibranancin ku bar sunayen haruffan da boko, na yafe.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai karanta ku kullum